Wayar Ya Falmata Tana Cikin Jakarki

Nguru, Jihar Yobe,
Farkon damina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yagana 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Kano lafiya, ke da kayanki da hankalinki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙin gari, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ya sa wannan aiki ya zame miki alheri duniya da lahira. Babanki yana gaishe ki.

In kina karanta wannan takarda, to kin buɗe jakarki ke nan, kin kuma ga abin da na naɗe cikin tsohon ɗankwalina mai ruwan toka. Waya ce. Kar ki kunna ta tukuna. Karanta ki gama.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta tsaya min a rai, kuma daga bakinki ta fito. Ranar da kike haɗa kaya, kin zauna kusa da ni a kan tabarma kina nuna min manhajar da kamfaninku ke haɗawa, wadda za ta riƙa gargaɗin manoman bakin kogi kafin ambaliya ta iso. Ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Ga kogi shuɗi yana motsi a taswira, ga launuka suna canzawa. Sai na tambaye ki, "Za ta buɗu a wayar Kawunki Bukar?" Ko kai ba ki ɗaga ba kika ce, "Umma, irin waɗannan wayoyin ai an wuce zamaninsu. Ya sayi sabuwa mana." Babanki ya yi dariya ya ce, "Injiniya biyu a gida ɗaya, Allah ya raba ni da shiga tsakani."

Na ci gaba da taya ki naɗe kaya. Ba don na yarda ba. Ni in raina ya ɓaci sai maganata ta cuɗe, in faɗi na ƙarshe a farko, ki samu inda za ki kama ni. Shi ya sa na zaɓi biro.

Bari in tuna miki abin da ƙila kin manta. Da Sallah, a Katuzu garin Kawunki, a gaban mutane, kin ce wa Kawunki, "Bana ba sai ka yi ta zarya bakin kogi ba, wayarka za ta faɗa maka." Ke kin faɗa kin wuce. Shi bai wuce ba. Ɓangaren gonarsa na ƙasa, na dab da ruwa, wanda ya bari tun shekarar da kogi ya cinye masa shi, bana ya zuba masa shinkafa. Da na kira shi na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Haba Hajara, 'yarmu fa can za ta, inda ake haɗa abin. Kafin ruwa ya zo zan ji, in ɗaga jinga, in janye injin ban ruwa, in yanke abin da ya nuna." Kin ji inda maganarki ta kai. Yayana ya shuka abincin gidansa a bakin ruwa saboda ke, ke kuma kina cewa an wuce zamanin wayarsa.

Kin san ruwan kogin nan ba ruwan samanmu kaɗai ba ne. Daga can wajen Haɗeja da Jama'are yake gangarowa. Yana iya tasowa rana tsaka, sama tas babu ko ɗigon gajimare. Mutumin da ya daina zuwa dubawa don ya dogara da waya ya fi wanda ba shi da wayar shiga haɗari.

Ban fi ki iya rubuta manhaja ba. Kin fi ni, nesa ma. Shekara ɗaya muka karɓi digiri, ke a can inda kika yi, ni a Gashua bayan na tsufa ina koyar da 'yan firamare. Har yanzu in na ga takardar shaidar sai in sake duba sunan, ko an yi kuskure. Abu ɗaya na fi ki: na riga ki ɓata abu. Kin san ƙarshen labarin tattasan Ya Falmata, matar Kawunki, amma ba ki taɓa zama kin ji shi daga farko ba, don duk sanda na ɗauko sai ki ce, "Umma, ya wuce." Yau za ki ji.

Kuskurena na farko tun kafin aikin kammala karatuna ne. Da aka ɗauke ni karatu aka ce sai da babbar waya, na shiga kasuwar Nguru ni kaɗai. Mai shago ya ɗauko wata mai faɗi, bayanta na walƙiya, ya ɗauke ni hoto ya nuna min. Wallahi na fito kamar ba ni ba. Ya ce, "Malama, wannan ido uku gare ta." Na saya. Ban tambayi girman ma'ajiyarta ba, ban tambayi wace siga ce ta babbar manhajar da wayar ke tafiya a kanta ba, don ban ma san akwai irin wannan tambaya ba. Ba a je ko'ina ba malaminmu ya ce kowa ya sauke wata manhajar karatu. Kowa ya sauke, tawa ta ce ba ta dace da wannan waya ba. Idanun ma daga baya wani ɗan ajinmu ya nuna min ɗaya ne na gaske, sauran ado ne. Na zauna a aji kamar wadda aka rufe wa ƙofa, ina leƙen wayar yarinyar da na isa in haifa.

Abin da nake so ki ɗauka a nan ba wai ki iya sayen waya ba ne, kin iya. So nake ki san yadda mutanenmu ke saya. Ba wanda ke zaɓar tsohon tsari da gangan. Mutum ya ga mai kyau, mai ƙarar lasifika, mai riƙe caji, daidai ƙarfinsa, ya ɗauka. Wani ma ba saya ya yi ba, ɗansa ne ya yi sabuwa ya bar masa tsohuwar. In manhajarku ta ce masa ba ta dace da wayarsa ba, ba zai ji cewa laifin manhaja ne ba. Zai ji kamar yadda na ji a ajin nan, cewa abin ba irin nasa ba ne. Zai mayar da wayar aljihu ba zai gaya wa kowa ba, ku kuwa a ofis ku ɗauka kowa ya samu.

Abin haushi, ni da aka yi wa haka, ni ce kuma na je na yi wa wasu.

A shekarar ƙarshe, aikin kammala karatuna manhaja ce ta masu shanyar tattasai. Kin san yadda ake yi, ƙarshen bazara ana baza shi a fili ya bushe, ruwan farko kuma ba ya sallama. Manhajar tana ɗauko hasashen yanayi daga intanet ta rubuta da Hausa, "Yau babu ruwa," da hoton rana, ko "A kwashe shanya," da hoton hadari. Shi ke nan aikinta. Lokacin na riga na canza waya, babanki ya taimaka na samu mai ƙwari. A kanta na gwada, ta yi. Na gwada a ta malamin da ke duba aikina, ta yi. Na gwada a ta 'yan ajinmu, ta yi. Na rubuta a babi na huɗu cewa an gwada ta a wayoyi daban-daban. Ba ƙarya na rubuta ba, daban-daban ne. Sai dai dukkansu wayoyin mutanen da ke kwana da data ne.

Wata rana a mota, tsakanin Nguru da Gashua, inda sabis ke ɗaukewa, na buɗe ta. Ta nuna min rana, ta ce yau babu ruwa. Na duba da kyau, na ga hasashen jiya ne. In babu intanet sai ta tsaya a kan abin da ta sani na ƙarshe, kuma ba ta rubuta na yaushe ne ba. A cikin motar nan na gane matsalar sarai. Ina so ki lura da wannan, don shi ne ya fi ci min rai: ba rashin sani ba ne.

A makon muna da zaman gwajin gabatarwa. Na shiga da niyyar in faɗa, in nemi a ƙara min lokaci. Amma kin san yadda 'yan ajinmu suke da ni. Mama suke ce min. Da na ɗaga hannu za ki ji daga baya, "Toh, Mama ta zo da tambayar 'yan fansho." Ba mugunta ba ce, yara ne, suna ɗaukar min jaka suna saya min ruwa. Amma dariyar tana shiga. Da na gama nuna manhajar aka tafa, wani ya ce, "Kai, Mama ta fi mu!" Sai na ji ba zan iya buɗe baki in ce tana da aibu ba. Na ce wa kaina, ba komai, zan gyara a siga ta biyu, mutane su sabunta. Haka aka koya mana, haka kuma yake a littafi, ki fitar, ki gyara, waya ta sabunta da kanta.

Yagana, za ki zauna a ɗakin taro, ke ce sabuwa, ke ce ƙarama, ƙila ke kaɗai ce mace, kuma tabbas ke kaɗai ce kika taɓa taka laka a Katuzu. Za ki ga aibu, za ki ji tsoron a ce 'yar ƙauye ta zo da matsalar ƙauye. Ki faɗa. Muryarki na rawa ma ki faɗa. In an yi dariya, dariyar za ta ƙare kafin a tashi taro. Ni tafin da aka yi min ban ƙara tuna daɗinsa ba.

Na ɗauki manhajar na hau akori-kura na tafi Katuzu. Matan unguwar Kawunki suka taru a tsakar gidan Ya Falmata. Abu na farko da na gano, yawancinsu ba su zo da waya ba. Na ce ina wayoyin? Wannan ta ce tana hannun maigida ya tafi fadama. Wannan ta ce ɗanta ya tafi da ita Gashua. Sauran suka ce, "Tana wajen Modu." Modu shi ne mai caji na bakin hanya, mai rumfar kwano da janareto. A can waya ke wuni, gida kwana kawai take zuwa yi. Ni na tsara manhajata kamar kowace mace tana da wayarta a hannu daga safe zuwa dare, irina da irinki. A can waya ta gida ce, kamar buta.

Muka ɗunguma zuwa rumfar Modu. A cikin wayoyin da aka miƙo, wasu ƙananan nan ne masu madannai, ba maganar manhaja. Wasu manya ne amma tsarinsu ya tsufa, suka ƙi karɓa. Wasu suka ce babu wuri. Kaɗan suka karɓa. Ba zan ba ki adadi ba don ban rubuta a ranar ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Ta Ya Falmata tana cikin waɗanda suka karɓa. Ta yi ta juya wayar tana kallon hoton ranar tana cewa, "Ikon Allah, Hajara, yanzu ke kika yi wannan da hannunki?"

Da na koma bayan ɗan lokaci, na tarar wasu da na sa wa babu manhajar. Na je wajen Modu raina a ɓace.

Na ce, "Modu, wa ya goge?"

Ya ce, "Ni ne, Malama."

"Don me?"

"Mai waya ya ce in sa masa wa'azi da fim, waya ta ce ba wuri. Me zan goge? Hoton 'ya'yansa?"

"Sai ka goge mai faɗa masa ruwan sama?"

Ya leƙa waje ya kalli sama ya ce, "To ai ga ta can, ita ban goge ta ba."

Mutanen rumfar suka kwashe da dariya. Da ya ga na haɗe rai sai ya ce, "Kar ki damu, Malama, ai na ajiye ta a kwamfutata. Duk wanda ya zo sa fim da yawa, in wayarsa na da wuri, ita nake ba shi gyara." Kin ji? Gyara, kamar mai tumatir ya ƙara miki ɗaya a kan kashi. Ni kuma, wauta, sai na ji daɗi. Har godiya na yi masa. Na dawo gida ina gaya wa babanki manhajata tana yaɗuwa.

Ban tsaya na yi tunanin wace siga ce ke yaɗuwa ba. A lokacin na riga na gyara aibun. Siga ta biyu tana rubuta ranar hasashen da manyan baƙaƙe, in kuma ya kwana ba a sabunta ba sai ta ce, "Ban sani ba, a duba sama." Na sa ta a shagon manhajoji na intanet na kwanta da zuciya ɗaya. Amma a Katuzu wa ke shiga shagon nan? Ba wanda ke sauke manhaja daga can. Daga kwamfutar Modu take shiga waya, daga waya ta shiga waya, mutum ya kara tasa da ta abokinsa su tura wa juna ba tare da data ba. Wadda ta zo ta wannan hanya a waya marar data ba ta san an haifi ƙanwarta ba. Gyarana yana zaune a intanet, kuskurena yana yawo a kan babur.

Sai ranar sunan nan a Gashua. Ya Falmata ta baza tattasanta kaf a fili, na shekarar gaba ɗaya, ya kusa bushewa. Da hantsi ta ga gabas ta yi duhu-duhu, iska ta canza. Ta shiga ɗaki ta duba waya. Rana, yau babu ruwa. Hasashen ranar da ɗanta ya yi mata sayen data na ƙarshe ne, Allah kaɗai ya san yaushe. Ta yafa mayafi ta hau babur ta tafi suna. Bayan azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin ta dawo tattasai yana iyo. Abin da aka tsince ya yi baƙi ya yi funfuna, ko kyauta ba mai karɓa.

Ba ta kira ni ba. Mota ta shiga ta zo har Nguru. Kina makaranta lokacin. Ta yi sallama, muka gaisa, ta tambayi kowa da kowa, ta sha ruwa. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ajiye min wayar a cinya, da baƙin tattasai ɗaya a kanta. Ta ce, "Ga 'yarki nan na kawo miki. Har yanzu cewa take babu ruwa."

Na fara yi mata bayanin siga ta biyu. Ki ji fa, bayani nake yi! Ta bar ni na gama, ta ce, "Hajara, na ga hadarin nan da idona. Tun ina yarinya nake ganin irinsa, ban taɓa barin shanya a ƙarƙashinsa ba. Amma na ce Hajara ta yi karatu."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta nemi komai ba. Da za ta tafi na miƙa mata wayar ta ce in riƙe, ita ta koma ƙaramar mai madannai, wadda ba ta da ra'ayi a kan ruwan sama. Na samu maki mai kyau a aikin nan. Ina faɗa miki ne don ki san maki da albashi da yabon shugaba duk suna iya zuwa a kan abin da ya cuci mutum.

Na koma wajen Modu na sa ya goge ta farkon a gabana ya sa ta biyun. Na bi gidajen da na sani ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, dab da bikin yaye mu, wani ɗan ajinmu ɗan Machina ya zo yana murna ya ce, "Mama, kin yi suna! Na ga manhajarki a wayar gwaggona." Na ce wane launi ce fuskarta? Ya ce kore. Ta farkon ce kore, ta biyun na mayar da ita ruwan ƙasa. Har Machina, bakin iyaka. Ban san wayoyi nawa take ciki ba, ban san ko ta tsallaka Nijar ba, kuma ba ni da hanyar kiranta ta dawo. Duk sanda hadari ya haɗu sai na tuna.

To ga abin da nake so ki kai ofishinku. Ki ɗauka cewa sigar farko da kuka fitar ita ce za ta zauna a wayar mutane har wayar ta mutu. Kar wani ya ce miki za a gyara a sabuntawa. Ki ce masa a garinku sabuntawa ba ta zuwa, Modu ne ke zuwa. Tun a ta farkon ku koya mata ta ce ban sani ba. In labarin da ke hannunta ya kwana, ta rufe bakinta, ta goge launin kwanciyar hankali daga fuskarta, ta ce a je a duba kogi. Ku rage mata nauyi. Kogin nan mai motsi da kika nuna min, na san an sha wahala kafin a yi shi, amma shi ne zai sa waya ta ce ba wuri, shi ne kuma zai sa Modu ya zaɓe ta in ya tashi gogewa. Kuma gargaɗin ambaliya bai kamata ya rataya a kan manhaja kaɗai ba. Ku aika da saƙon tes, wanda ke shiga kowace waya ba data. Ku yi kiran murya, da Hausa da Kanuri da Bade, don ba kowa ke karanta boko ba. Ban san ƙarfin kamfaninku ba, ban san abin da zai yiwu ba, ba zan yi kamar na sani ba. Amma tambaya ba ta fi ƙarfinki ba.

Game da aikin kansa, ina da abin faɗa, ko da yake ni ma sabuwa ce, har yanzu jiran kiran ganawa nake a makarantar sakandaren da na nemi koyar da kwamfuta, kuma duk ƙarar waya sai in yi wuf in duba. Na shiga karatun nan ina zaton aikin fasaha shi ne ƙirƙiro sabon abu. Kowa a ajinmu haka yake zato. Kowa yana so ya ce shi ya haɗa, ba mai son a ba shi tsohon aikin wani ya gyara, ba mai son gwaji. Ni ma na raina gwaji, na yi shi a gurguje don in kai ga babin da ake yabo. Yanzu in kin tambaye ni, wanda ke zama da tarin tsofaffin wayoyi yana gwada abu ɗaya bayan ɗaya ya fi kowa amfani a kamfani. In an ba ki wannan kujera kar ki ji an rage miki daraja. Sabon yaren rubuta manhaja kullum fitowa yake, kin koyi wannan an ce wancan ake yayi. Amma mutanen da wayarsu ta tsufa ba za su ƙare ba, kuma wanda ya iya sa abu ya yi musu aiki ba zai rasa mai nemansa ba. Wannan ra'ayina ne, ba karatu ba, ki auna shi.

Sai dangi. Ki shirya. Tunda na fara karatun, gidan nan ya koma shagon gyaran waya. Wannan gilashi ya fashe, wannan ta faɗa randa, wannan ya manta lambar buɗewa, wata ma so take in duba mata wayar mijinta. In na ce ba abin da na karanta ke nan ba, sai a ce, "To me kika yi ta zarya Gashua kina yi?" Ga samarin unguwa da ke wuni suna dannan gilashin waya wai suna haƙo arziki, su ma cewa suke harkarmu ɗaya. Abin yana ƙona min rai, ba zan ɓoye ba. Da farko korar masu kawo wayar nake yi da fushi, kuma na yi kuskure. Da na riƙa karɓa ina dubawa tun ina aji biyu, da na san irin wayoyin da ke hannun mutanenmu kafin in rubuta layi ɗaya. Ban da mai kawo wayar mijinta, wannan ki mayar mata da abarta. Sauran ki karɓa, ki duba sigar, ki duba wurin da ya rage, ki ga abin da ke ciki da yadda ya shigo. Kyauta ake kawo miki abin da kamfani ke neman sani.

Kar ki riƙa tafiya a bakin titin Kano waya a hannu. Ki ci abinci kafin ki zauna gaban kwamfuta, na san halinki. Salla in ta yi ki tashi, aikin zai jira.

Yanzu ki kwance ɗankwalin. Wayar Ya Falmata ce. Na yi mata caji, cajarta tana aljihun gefe. Ban goge komai ba, ban sa mata data ba, ke ma kar ki sa tukuna. Ki kunna, ki yi haƙuri da ita tana da nawa, ki taɓa koren nan. Ko ruwa ake zubawa a Kano a lokacin, za ta nuna miki rana ta ce yau babu ruwa.

Ita da ta Kawunki iri ɗaya ne, rana ɗaya ya saya musu a shago ɗaya. Na tabbatar, na sa ya karanto min abin da ke rubuce a bayan tasa na gwada da wannan. Duk abin da ya buɗu a kanta zai buɗu a tasa, abin da ya ƙi zai ƙi. Ki ajiye ta a kan teburinki na ofis, kusa da taki mai tsadar. In sun tambaya ki gaya musu ta wace ce da abin da ta yi.

Kogi bai fara tasowa ba, akwai sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Ki sa manhajarku a wayar nan. In ta buɗu, in kuma kin bar ta ta kwana ba data ta ce ba ta sani ba, ki kira ni, ni da kaina zan hau akori-kura in kai wa Modu. In ta ƙi, ko suka ce ba za su gyara ba, shi ma ki kira ni, kar ki ji kunya, kar ki jira siga ta biyu. Amma a wannan karon ba ni zan je ba. Ke za ki kira Kawunki da bakin da kika yi masa alkawari, ki ce, "Kawu, bana ka ci gaba da zuwa bakin kogi." Ni kam na riga na gaya masa, ya ce min, "Ke Hajara, naki ne ya lalace, na Yagana daban ne."

Allah ya yi miki albarka. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya tsare idonki da harshenki da abin da hannunki zai rubuta. Allah ya sa kada wani ya yi asara ta dalilinki. Ya kawo ruwan bana da sauƙi, ya tsayar da shi inda jinga ta tsaya, ya dawo min da ke lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajara.